Ni da A-kori-kurar Malam a Hawan Dutsen Boone

Muna idar da sallar asuba muka kulle gida, ranar Litinin, garin Greensboro bai gama farkawa ba. Duk wanda ya san Wendover Avenue da rana, yadda motoci ke cushewa tun daga manyan kantuna har bakin gidajen haya, ba zai yarda titin ne muka bi babu kowa ba. Mu uku ne a motar. Ni ce a sitiyari, maigidana Malam yana gefena da sandarsa tsakanin ƙafafu, sai wata aminiyata 'yar Damagaram da kowa ke kira Anti a kujerar baya, ta rungume kular abinci kamar jaririya.

Da yawanku da kuka ga hotuna kun tambaye ni me ya kai ni jan tirela da girmana. To ga yadda aka yi.

Malam direban manyan motocin kaya ne, tun a Najeriya har muka zo ƙasar nan. Kafin ya kwanta ciwo ya sayi wata tirelar kwana ta hannu, wato ɗaki ne guda a kan taya, da gado da murhu da banɗaki a ciki. Mutanen nan kamfa suke ce mata, ni kuwa ba na son sunan don ya yi kusa da kamfai. Burinsa in ya ajiye aiki ya ja ta da tsohuwar a-kori-kurarsa mu je mu kwana a duwatsu. Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta same shi, shekara ɗaya da rabi ke nan. Ƙafar hagu ta dawo har yana takawa da sanda, hannun hagu kuwa sai a hankali. Bakinsa ya buɗe, likita ta ce maganarsa lafiya lau, amma mutumin da a da ba a raba shi da hira ya koma daga "to" sai "a'a".

A watan jiya na yanke shawarar mu sayar da tirelar. Wani ya zo gani, ya rasa yadda ake ɗaura ta, sai Malam ya matso ya fara yi masa bayani. Ina tsaye ina kallo ya yi magana ta kusan minti goma ba tsayawa, abin da bai yi ba tun da ya bar asibiti. A nan take na ba mutumin haƙuri na ce mun fasa. Lahadi uku na yi ina koyon ja a filin ajiye motoci na wani kanti kafin su buɗe, na take robobin alama ba adadi.

Tirelar tana ajiye ne a Summerfield, a filin wani dattijo ɗan Pankshin da muke kira Baba. Can gidaje ba sa matse da juna, kowa da filinsa, maƙwabcinsa ma dawaki yake kiwo. Mun iske Baba tsaye da jibgegiyar rigar sanyi yana jiranmu. Shi ya taya ni sauke bakin tirelar a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, muka harɗe sarƙoƙin, muka jona wayar fitila da ta birki. Malam ya zagaya da sandarsa yana dukan kowace taya yana saurare. Matar Baba ta fito mana da kular gwaten acha mai zafi, Baba kuma ya cire hula ya yi mana addu'a irin tasu, mu ma muka yi tamu, kowa ya ce amin.

Da na taka totur na farko sai na ji kamar an ɗaure motar a gindin bishiya. Motar nan ta haura shekara ashirin, fetur take sha, fentin bonet duk ya kwaile. Ta yi gurnani, ta yi tunani, sannan ta yarda ta motsa.

Kafin mu hau babbar hanya Malam ya nuna min wani gidan mai na manyan motoci da ke da sikeli. Na hau da mota da tirela, aka ba mu takarda. Ya daɗe yana duba ta, sannan ya juya baya.

"Anti, me kika zuba a tirelar nan?"

"Ba komai, Malam. 'Yar shinkafa ce."

Da muka buɗe, 'yar shinkafar buhu ce guda. Ga tukunyar ƙarfe irin ta biki, ga turmi da taɓarya, ga katan-katan na ruwan sha, duk ta jibge su can ƙarshen tirelar. Ni kuma nawa laifin, na cika tankin ruwan tirelar har baki don tsoron kada mu rasa na alwala. Malam ya ce ruwa nauyi gare shi fiye da yadda ake zato, kuma inda za mu akwai famfo. Ya sa na buɗe tankin ya tsiyaye a magudana, muka dawo da kayan Anti gaba, daidai saman tayoyi. Ya ce in nauyi ya taru a baya, tirela ce za ta riƙa tuƙa mota. Anti ta ce ita dai turminta ba zai kwana a gidan mai ba, aka bar mata shi.

Mun kama hanyar yamma, muka ratsa Winston-Salem rana na fitowa a bayanmu. Na tsaya a layin dama, kowa na wuce ni, har da wata tsohuwa da kanta bai kai saman sitiyari ba. A nan na fara sanin abin da ake kira jan kaya. Wata babbar motar kaya ta zo wucewa, iskarta ta ture mu gefe, sannan ta zuƙo mu wajenta. Na duba madubi na ga tirelar tana kaɗa gindi hagu da dama. Ƙafata ta tafi birki da kanta.

"Kada ki taka!" in ji Malam, da wata murya da na daɗe ban ji ba. "Ɗaga ƙafa daga totur kawai. Riƙe sitiyari tsaye, kada ki bi ta."

Na yi yadda ya ce. Tirelar ta kaɗa sau biyu ko uku ta nutsu. Daga baya Anti ta ce wannan kamiyo, wato babbar motar a bakin mutanen Damagaram, ba shi da tarbiyya, ta bi direbansa da addu'ar shiriya. Daga nan Malam ya ɗauki aikin kallon madubin gefensa. Da ya hango babbar mota sai ya ce, "Ga wata nan, shirya." Kafin mu yi nisa na daina jin tsoronsu.

Hanyar tana da kyau, babu rami ko ɗaya. Gonaki ne da shanu baƙaƙe, da tsofaffin rumbunan katako, da coci kusan a kowace mararraba. Lokacin kaka ne, ganyaye sun fara sauya launi, wasu ja, wasu kamar kunun gyaɗa da aka zuba wa manja. Abin da ya hana ni more kallon shi ne allurar fetur. Ina ganinta da idona tana sauka. Motar da ke kai ni aiki sati guda da tanki ɗaya, yau kafin mu kai Wilkesboro ta sha fiye da rabi. Anti ta ce ba mota muka ɗauko ba, raƙumi ne ya zo rijiya.

A Wilkesboro muka sha mai. Wani dattijo Bature mai hular hana-sallah ya zo ya dafa bonet yana yi min Turancin mutanen dutse, wanda rabinsa a hanci yake. Abin da na tsinta shi ne yana da irinta a gida, kuma in bi ta a hankali a hawan da ke gaba. A bakin hanya muka sayi tuffa wajen masu lambu, ta fi ta kanti araha nesa ba kusa ba, ga zaƙi ga ruwa. Muka buɗe ƙofar bayan mota muka zauna muka sha gwaten matar Baba da ɗuminsa. Daga nan ana hango duwatsun, shuɗaye, jere kamar bango.

Hawan ya fara ne kamar wasa. Sai na ga motar tana rage gudu alhali ƙafata tana ƙasa. Malam ya ce in sauke giya da hannuna, kada in bar ta tana canje-canje da kanta, don hakan ke dafa giyabos. Na sauke. Injin ya ɗauki kuka har ba ma jin juna, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Kwana bayan kwana, hanyar sai sama take yi. Can na ga allurar zafi ta bar tsakiya ta nufi ja.

"Malam, ta hau."

"Na gani. Kashe esi. Kunna hita har ƙarshe, ki buɗe gilasai."

"Hita kuma? A wannan zufar?"

"Zafin injin za ta kwaso mana ciki. Gara mu mu ji shi da ita."

Iska mai zafi ta bugo mana fuska kamar an buɗe tanda. Anti ta cire mayafi tana fifita, salati kuwa ba ta tsaya ba. Allurar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da hawa. Malam ya hango wani fili a gefen hanya ya ce in shiga nan. Na tsaya, na ja birkin hannu, na kai hannu zan kashe mota, ya ce in bar ta tana aiki don fanka ta huce ta.

Gaskiya a nan ƙarfin halina ya ƙare. Na leƙa ta taga na ga kwari mai zurfi a gefenmu, na tuna mutumin da ke kusa da ni ko gudu ba zai iya ba in wani abu ya faru, kuma ni ce na kawo shi nan. Na kifa kai a sitiyari na ce mu juya gida, na yi wauta.

Malam ya juyo ya dube ni. Can ya ce, "Hajiya, kin san Hawan Kibo, a hanyar Jos?"

Na ce na sani.

"Ran da na fara hawansa ina sabon direba, siminti na ɗauko. Sau uku na tsaya. A na biyun na sauka na zauna a kan dutse na rantse in na isa Jos na bar tuƙi har abada." Ya yi 'yar dariya. "Ke sau ɗaya kika tsaya. Motar nan ba ta gaza ba, numfashi take so. Na san ta. Kin ga allurar ma ta fara sauka."

Na ɗago na duba, ta fara. Muka zauna kamar minti ashirin, ya ci gaba da ba mu labarin hanyoyin da ya bi, na gida da na nan, Anti tana yanka mana tuffa. Na yi shekara talatin da mutumin nan, amma rabin labaran ban taɓa ji ba. Da allurar ta koma mazauninta ya ce bismillah. Na sa giya ta ƙasa, na kunna fitilun gargaɗi, muka ci gaba a hankali. Ban ƙara kallon motocin da ke wuce mu ba. Da muka kai ƙololuwa hanya ta miƙe, iska mai sanyi ta shigo, Anti ta rangaɗa guɗa a cikin mota har sai da Malam ya toshe kunne.

Sansanin masu tirela da muka kama wuri yana gaba da garin Boone kaɗan, cikin itatuwa, kusa da wani rafi. Kowa da ɗan filinsa, da famfo da wajen jona wuta da teburin katako. Matsalar ita ce da ribas ake shiga, tsakanin bishiyoyi biyu. Wanda bai taɓa ribas da tirela ba, ya sani in ka juya dama ita hagu take zuwa. Na gwada sau huɗu, kowane karo sai ta lanƙwashe ta nufi bishiya. Maƙwabta suka fito da kofunan shayi suna kallo, cikin ladabi, wai su tsuntsaye suke dubawa. Anti ta sauka ta taimaka, tana ihun "nan, nan!" ba tare da na san ina ne nan ba.

Sai Malam ya buɗe ƙofa ya sauka. Ya taka a hankali har bayan tirelar, ya tsaya inda zan gan shi a madubi. Ya ce in riƙe ƙasan sitiyari, duk inda ya nuna in kai hannuna can. Hannunsa na dama yana kan sanda, ba zai iya sakinta ba a wannan ƙasa mai gangare. Ina kallon madubi na ga ya ɗaga na hagun. Hannun da ko cokali ba ya yarda ya ɗauka da shi a gaban mutane. Bai wuce ƙirjinsa ba, yatsun a lanƙwashe, yana rawa, amma ya nuna min hagu sarai. Na bi. Ya nuna dama kaɗan, na bi. Ya dunƙule shi, na tsaya. Tirelar ta zauna daram tsakanin bishiyoyin. Masu kallon tsuntsaye suka ajiye kofuna suka tafa mana. Na daɗe a cikin motar ina gyara ɗankwali kafin na iya fitowa.

Kwana biyu muka yi. Sanyin safiya a can ba na wasa ba ne, ruwan famfo kamar ƙanƙara, sai mun ɗumama na alwala a murhu. Hazo yana kwanciya a kwari kamar auduga, sai wajen hantsi yake tashi, duwatsun su fito ja da rawaya iya ganinka. Barewa uku suka zo har kusa da teburinmu suna kallonmu kamar mu ne baƙin, kuma gaskiyarsu. Mai kula da wurin ya gargaɗe mu kada mu bar abinci a waje saboda wata ƙatuwar dabba mai haɗari, beyar, da ke yawo a dajin. Tun daga nan Anti ba ta ƙara zuwa ko'ina ba sai da taɓarya a hannu.

Turmin ma ya yi rana. Ta daka kayan miya ta yi mana dafa-duka a tukunyar biki, ƙamshi ya cika sansanin. Wasu tsofaffi mata da miji da ke tirelar kusa da mu suka zo tambayar me ake bugawa haka, suka ƙare da faranti a hannu, suna ci suna share hawayen yaji suna neman ƙari. Mijin ashe shi ma tsohon direba ne. Shi da Malam suka buɗe bonet suka yi rabin yini a kai, suka duba baƙin mai da ruwan lagireto, suna gardamar wace hanya ce ta fi wuya a ƙasar nan. Washegari Malam ya taka har bakin rafi da kansa, ya hana ni riƙe shi.

Ranar Laraba da hantsi muka kamo hanyar gida. Na ɗauka saukowa hutu ce, ashe ita ce babbar jarrabawa. Duk nauyin da muka ja sama yanzu turo mu yake. Tun kafin gangaren Malam ya sa na koma giya ta ƙasa, ya ƙara wa birkin tirelar ƙarfi a 'yar na'urar da ke kusa da sitiyari. Ya ce kada in kwantar da ƙafa a birki, in taka da ƙarfi har gudu ya ragu sannan in saki ya sha iska. A gefen hanya muka wuce wata 'yar hanya da aka cika da yashi, ya ce an yi ta ne don motar da birkinta ya ƙone ta afka ciki ta tsaya. Anti ta ce a bar nuna mata irin waɗannan abubuwa. Mun sauko lafiya, ko warin birki ban ji ba.

La'asar ta yi mana a Summerfield. Na mayar da tirelar mazauninta da ribas biyu kacal, Baba yana tsaye yana mamaki. Da muka kwance ta na kama hanyar gida, motar ta yi min sakayau kamar keke.

Ga mai son gwadawa, tsohuwar mota mai fetur za ta ja, in ka san iyakarta. Ka hau sikeli kafin ka hau hanya, ka zubar da ruwan da ba ka buƙata, ka sa ido a allurar zafi, kuma kada kunyar motocin da ke bayanka ta hana ka tsayawa. Amma babban abin da na koyo ba na mota ba ne. Tun da Malam ya kwanta nake yi masa komai. Ni ke ɗaura masa takalmi, ni ke zuba masa ruwa, in an tambaye shi ma ni ke amsawa. Na ɗauka kulawa ce. Ban lura cewa tsawon wannan lokaci ban taɓa neman komai a wajensa ba. A kan dutsen nan ne na buƙace shi da gaske, kuma ya tashi ya yi.

Jiya muka je ganin likitarsa. Kamar yadda ta saba, ni ta kalla ta tambayi yaya hannun. Na buɗe baki, sai na rufe, na shiga neman abin da ban ajiye ba a jaka. Sai Malam ya gyara zama ya ce, "Likita, kin taɓa yin ribas da tirela?" Ta ce a'a. Ya jingine sandarsa a bango, ya ɗaga hannun hagun ya fara nuna mata.